Totur a Babban Yatsa ko a Manuniya: Gardamar Mahaya Babur ɗin Ƙanƙara

A ƙasashen da ƙanƙara ke lulluɓe ƙasa wata biyar ko shida a shekara, irin su Kanada, arewacin Amurka, Finlan, Suwidin da Norwe, akwai wani abin hawa da ba shi da taya ko ɗaya. A gabansa allunan sulɓi ne guda biyu, a bayansa kuma wani faffaɗan bel na roba mai haƙora, wanda inji ke juyawa, shi kuma yana cizon ƙanƙara yana tura abin gaba. Zama a kansa zaman babur ne, don haka babur ɗin ƙanƙara za mu kira shi. Amma wanda ya saba da babur na titi, da ya kama kan wannan zai ji hannunsa na dama ya rasa abin murɗawa. Mariƙin a kafe yake, ba ya juyawa. Abin da ke ba injin wuta wata 'yar liba ce mai faɗi da ke leƙowa ta bayan mariƙin, ɓangaren da ke kallon mahayi, da babban yatsa ake danna ta. Birki yana hannun hagu shi kaɗai. Babu kuloci na hannu, babu giyar da ake sakawa da ƙafa; injin da kansa yake kama bel idan juyinsa ya kai wani mataki.

Shekara da shekaru haka ake ƙera shi, har mutane suka ɗauka babu wata hanya. Yanzu kuwa mahaya da dama, musamman masu hawan duwatsu a yammacin Kanada da Amurka, suna kwance wannan liba suna ɗaura wata a gaban mariƙin, wadda ake ja da manuniya ko da yatsu biyu. A ido ƙaramin aiki ne, sukuru kaɗan da waya ɗaya. Amma ya raba kan mahaya gida biyu, kuma kowane gida yana da hujjar da ba ta wasa ba ce.

Abin hawan kansa ɗan larura ne. Joseph-Armand Bombardier, wani makaniki a ƙauyen Valcourt na lardin Quebec, ya rasa ƙaramin ɗansa a hunturun 1934 saboda ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. A 1937 ya yi rajistar motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, sannan a 1959 ya fito da Ski-Doo, ƙarami mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu. A tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Polaris ya fara ƙera nasa a garin Roseau na jihar Minnesota, daga baya Arctic Cat ya biyo a Thief River Falls, duk a jihar. Zuwa watan Afrilun 1968 har Ralph Plaisted da abokan tafiyarsa sun isa ƙurewar arewacin duniya a kan Ski-Doo. Da sana'ar ta kankama, kamfanonin nan da Yamaha na Japan suka tsaya a kan tsari ɗaya: birki a hagu, totur a babban yatsan dama.

Ba don ƙeta suka guji totur na murɗawa ba. Mahayin ƙanƙara da jikinsa yake tuƙi: ya miƙe tsaye, ya karkata, ya rataya a gefe ɗaya, ya ja kan babur da ƙarfi don ya juya allunan gaba cikin ƙanƙara mai nauyi. Da a ce mariƙin na juyawa ne, duk ramin da aka faɗa da duk kwanar da aka sha sai wuyan hannu ya ba da wutar da ba a yi niyya ba. Ga kuma safar hannu mai kauri wadda ke rage jin abin da aka riƙe. Libar babban yatsa ta raba aiki biyu: yatsu huɗu na riƙo, ɗaya na wuta. Kuma tana zaune a bayan mariƙi, inda reshen bishiya ko tarin ƙanƙara ba sa saurin kai mata. Wannan dalilin ne ma ya sa baburan daji masu taya huɗu suke da irin wannan totur.

Kuɗin da babban yatsa ke biya

Sai dai tsarin yana da haraji, kuma babban yatsa ne ke biya. Riƙon ɗan Adam, in ana son ya yi ƙarfi, sai babban yatsa ya zagayo ya haɗu da sauran. A nan an aike shi wani aiki, an bar yatsu huɗu suna maƙale da mariƙin kamar ƙugiya. A miƙaƙƙiyar hanya ba a lura. A wurin da babur ke tsalle ko ke son kifewa, nan ne mahayi ke gane cewa hannunsa na dama rabin riƙo yake yi.

Ga gajiya. Libar tana da sifirin mai mayar da ita da zarar an sake ta, kuma a tsofaffin baburan da ke da kafireto biyu ko uku, kowace da nata sifirin, dannawar tana da tauri ƙwarai. Lardin Quebec kaɗai yana da hanyoyin ƙanƙara da aka share na kimanin kilomita 33,000, kuma mai yawon buɗe ido kan yi kilomita ɗari biyu ko uku a yini. A tseren Iron Dog na Alaska, wanda aka fara a 1984, tafiyar ta haura kilomita 3,000. A duk tsawon wannan, yatsa ɗaya ne ke dafe da sifirin, ba hutu. Gaɓar da ke gindin babban yatsa kuwa tana cikin gaɓoɓin hannu da amosanin ƙashi ya fi kamawa idan shekaru suka ja. Mutum ɗan shekara sittin da ya yi rayuwarsa yana hawa, sau da yawa ba bayansa ko gwiwarsa ke fara sauke shi ba, wannan 'yar gaɓar ce.

Sannan sanyi. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 20 ƙasa da sifili, kuma babur na gudun kilomita 60 a awa, abin da fatar da ke buɗe ke ji ya kai kamar digiri 36 ƙasa da sifili. Cikin ƙasa da rabin awa tana iya daskarewa. Yatsu huɗu suna manne da juna a kan mariƙi mai hita, babban yatsa kuwa yana can shi kaɗai. Shi ya sa kamfanoni suka ƙara wata siririyar hita a jikin libar kanta, don ɗumama yatsa ɗaya tak. Ga wanda abin ya zama masa sana'a, lamarin ya wuce na jin daɗi. Mutanen Sami na arewacin Finlan, Suwidin da Norwe, waɗanda ke kiwon wata irin barewa mai manyan ƙahoni, sun rungumi babur ɗin ƙanƙara tun shekarun 1960, har masanin al'adu Pertti Pelto ya rubuta littafi a 1973 kan yadda ya sauya rayuwarsu. Likitocin Finlan sun daɗe da gano cewa haɗuwar sanyi da jijjigar inji tana jawo wa makiyayan nan ciwon da ke sa yatsu su yi fari su mutu na ɗan lokaci.

Amma ba makiyaya ne suka tayar da wannan yayi na mayar da totur ga manuniya ba, ba kuma dattawa masu ciwon gaɓa ba. Mahaya duwatsu ne. A wurare irin su Revelstoke da ke British Columbia, da Cooke City a Montana, hawan ya bar hanya ya shiga daji: ƙanƙara mai laushi da ke iya nutsar da mutum har ƙirji, gangare mai tsini, bishiyoyi kusa da kusa. Baburan da ake ƙera musu suna da bel mai tsawon inci 154 ko 165, haƙoransa har inci 3, ga inji mai bugu biyu na cc 850 da ke ba da ƙarfin doki kimanin 165, alhali nauyin babur ɗin bai wuce kilo ɗari biyu da ɗoriya ba. Mahayin ba ya zama sam. Idan zai ratsa gangare a kaikaice, sai ya koma gefen da ke wajen tudu, ya ɗaga allo ɗaya sama, ya riƙe babur ɗin a kan gefe guda yana ba shi wuta kaɗan-kaɗan. Idan tudun na hagunsa, hannun dama yakan miƙe can nesa, wuyan hannu ya lanƙwashe, babban yatsa yana laluben liba. A da wasu sukan ƙara totur na biyu a hannun hagu don magance wannan. Yanzu da yawa sun gwammace su mayar da aikin ga manuniya, babban yatsa ya koma ya zagaye mariƙi. Abin da suke faɗa kusan iri ɗaya ne: riƙo ya cika, damtse ba ya saurin ƙagewa, kuma manuniya ta fi iya auna wuta a hankali. Tunanin ma ba sabo ba ne, domin yawancin baburan ruwa na yau da manuniya ake jan toturinsu.

Hanya biyu, ba nauyinsu ɗaya ba

Akwai baburan da sauyin ba ya buƙatar sayen komai. Tun samfurin 2014 kamfanin BRP, mai Ski-Doo da kuma Lynx da ake ƙerawa a Rovaniemi ta Finlan, ya fara saka totur na lantarki mai suna iTC a wasu injinansa masu bugu huɗu. A nan babu wayar ƙarfe tsakanin liba da inji. Na'ura ce ke auna yadda aka danna ta aika wa kwamfutar injin. A samfura da yawa masu wannan tsari, gidan libar yana juyawa a kan mariƙi, sai a mirgina shi gaba ya zama na manuniya, in an gaji a mayar da shi. Injiniyoyin kamfanin ne suka tsara hakan, duk matakan kariya suna nan yadda suke, kuma libar ba ta da tauri tunda ba kafireto take ja ba. Wanda ke da irin wannan babur, gwaji ba zai ci masa ko sisi ba.

Hanya ta biyu ita ce mai ƙura. Yawancin baburan duwatsu masu bugu biyu da wayar ƙarfe suke aiki, don haka sai an sayi wani gidan totur dabam daga ƙananan kamfanoni. Munster na Kanada yana cikin waɗanda sunansu ya fi fita a wannan harka. Ana kwance tsohon gidan, a zare kan wayar, a ɗaura sabon, a maƙala wayar a jikin sabuwar liba. Mai hannu da sifana zai gama cikin awa ɗaya ko biyu. Wahalar tana cikin abubuwan da ke zaune a tsohon gidan waɗanda ba a gani da ido.

Na farko hanyar wayar. An auna tsawonta ne don ta shigo ta wani kusurwa. Yanzu za ta shigo ta wani. Idan ta ɗame, to duk lokacin da aka juya kan babur har ƙarshe za ta ja totur da kanta. Dole a bar mata ɗan sako-sako na 'yan milimita kamar yadda littafin babur ɗin ya faɗa, a kuma tabbata idan an ja libar har ƙarshe totur yana buɗewa gaba ɗaya, in an saki yana rufewa da ƙarar "ƙwas" ba tare da jinkiri ba. A tsofaffin injina masu bugu biyu akwai ƙarin damuwa: wayar tana rabuwa biyu, reshe ɗaya yana jan famfon da ke zuba wa inji baƙin mai. Wanda ya taɓa saitin waya ya manta da wannan reshe, yana iya ƙona injinsa a tsakiyar daji.

Na biyu hita. Ta tsohuwar liba ta tafi da ita. Manuniya kuma yanzu tana kwance a kan ƙarfe, a gaban mariƙi, inda iska ke dukanta kai tsaye. Wasu sababbin libobin suna zuwa da hitarsu, wasu sai an saya dabam an haɗa da tsohuwar wayar wuta. Wanda ya ce zai yi tsimin wannan kuɗin, fitarsa ta farko a watan Janairu za ta sauya masa ra'ayi.

Na uku, wanda ya fi duka nauyi, makunnin kariya. Babban abin tsoro a babur ɗin ƙanƙara shi ne totur ya maƙale a buɗe. Ruwa yakan shiga kuben waya ya daskare, ko ƙanƙara ta cushe a kafireto, mahayi ya saki liba amma inji ya ci gaba da ruri. Saboda haka Polaris da Arctic Cat da Yamaha suka daɗe suna ɓoye wani ɗan makunni a gindin libar, mai gane ko yatsa na danne da ita. Idan an saki amma totur bai rufe ba, sai ya kashe injin ko ya danne juyinsa ƙasa da inda kuloci ke kamawa. Yamaha ya sa wa nasa suna TORS. Wannan makunni a jikin tsohon gidan yake. Wasu kayan sauyin suna da wurin mayar da shi, wasu kuwa sai an tsallake shi da waya kafin inji ya yarda ya tashi. Duk wanda ya tsallake shi ya cire mai gadi ne daga ƙofa, kuma wajibi ne ya san abin da ya yi. Haka nan jan maɓallin nan na kashe inji da ke saman mariƙin dama, sau da yawa a gida ɗaya yake da totur. Dole a samo masa sabon mazauni inda yatsa zai kai gare shi ba tare da an duba ba.

Abin da ke cike wannan giɓi shi ne igiyar kashe inji, wadda ake maƙala kai ɗaya a jikin babur, ɗaya a rigar mahayi. In ya faɗi, igiyar ta fizge, inji ya mutu. Ski-Doo yana zuwa da ita daga masana'anta, ita ce ma makullinsa, amma ba kowane babur ba. A ganina, sauya totur zuwa manuniya ba tare da wannan igiya ba ganganci ne tsagwaronsa. Kuma igiyar da aka naɗe a kan babur saboda tana damun mutum, daidai take da babu.

Inda tsoro ke kai hannu

Ko da an yi aikin tsaf, akwai abin da sifana ba ta gyarawa. Mutum idan ya firgita, damƙe hannu yake yi. Da libar babban yatsa, damƙewar takan tafi ne kan mariƙi, kodayake shi ma wannan tsari yana da nasa tarkon: a gangarowa, ko in an yi karo da wani abu jiki ya tafi gaba, tafin hannu ko cinya ko ƙirji kan danne libar. Da libar manuniya kuskuren ya juya baya. Babur ya zabura, jikin mahayi ya koma baya, hannu ya ƙanƙame don kada ya faɗi, ƙanƙamewar kuma ta ƙara jan totur, babur ya ƙara zabura. Da ƙarfin doki 165 a ƙarƙashin mutum, wannan zagayen ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu.

Sai kuma sabo. Duk ɗan acaɓa ya san libar da ke gaban hannun dama birkin gaba ce, kuma ba tunani yake yi kafin ya kama ta ba. Hannu ne ke zuwa da kansa. To, mahaya ƙanƙara da yawa da rani baburan ƙasa da kekunan dutse suke hawa, inda wannan wuri na birki ne. Da hunturu a wuri guda, da yatsa guda, da motsi guda, sai ya zama wuta. Masu goyon bayan sauyin suna cewa 'yan fita kaɗan sun isa hannu ya koyi sabon karatu, kuma ga ƙwararre mai hawa kowane mako, na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a auna koyon da ranar da komai ke tafiya daidai. Tsohon sabo yana dawowa ne a lokacin da bishiya ta bayyana ba zato.

Matsayin libar ma ya sauya. Ta bar maɓoyarta ta fito gaba. Reshe na iya kama ta, amma abin da ya fi faruwa shi ne babur ya kife a ƙanƙara mai zurfi, abin da ke faruwa da mahayin dutse sau da yawa a yini guda, mariƙin dama ya nutse, ƙanƙarar ta tura libar baya. Bel mai haƙoran inci uku yana juyawa a sama kusa da mutumin da ke kwance, ba abin da za a so gani ba ne. Don haka ake sayar da wani ƙarfen kariya da ke zagaye libar ta gaba. Ana lissafa shi cikin kayan ƙari, amma a gaskiya rabin aikin ne.

Wa ya kamata ya sauya? Mahayin dutse da ya riga ya iya, wanda shi kaɗai ke hawan babur ɗinsa, zai iya samun riba ta gaske. Haka wanda ciwon gaɓa ko rauni ko rashin babban yatsa ya kusa raba shi da hawa; gare shi wannan ƙaramin ƙarfe shi ne bambanci tsakanin fita da zaman gida. Mai doguwar tafiya a shararriyar hanya kuwa, wanda gajiya ce kawai damuwarsa, sau da yawa matsalarsa ta fi sauƙi: wayar da ta tsufa tana gogayya a cikin kubenta, ko gidan libar da aka ɗaure a kusurwar da ba ta dace da zamansa ba. Sassauta sukuru ɗaya a mirgina shi kaɗan yakan wadatar. Amma babur ɗin gida, wanda uba zai hau da safe, 'yarsa da rana, baƙo da yamma, bai kamata a taɓa shi ba. Baƙon da aka ba aro bai yi wancan koyon ba, kuma shi ne zai fi kowa damƙe hannu.

Wanda ya yanke shawarar yi, gwajin farko ba a daji ake yinsa ba. Inji a kashe, a ja libar a saki sau da yawa, kan babur a miƙe, sannan a ƙarshen dama, sannan a ƙarshen hagu. Daga nan a ɗaga bayan babur a kan madogari yadda bel ba ya taɓa ƙasa, a tabbata babu kowa a gaba ko a baya, a tayar da inji a sake juya kan. Idan ƙarar injin ta ƙaru ko kaɗan, wayar ta ɗame. A gwada jan maɓalli, a fizge igiya, a ga ko kowanne na kashe injin nan take. A sake duk wannan bayan babur ya kwana a waje cikin sanyi, domin wayar da ke santsi a garejin da ke da ɗumi tana iya yin tauri a digiri 25 ƙasa da sifili. Fitar farko a yi ta a fili mai faɗi, ba bishiya ba gangare, da safar hannun da za a riƙa hawa da ita, domin mai haɗe yatsu huɗu a aljihu ɗaya ba ta barin manuniya ta fita ita kaɗai. A tambayi dillali ko sauyin zai taɓa garanti. Tsohon gidan totur kuma a adana shi da makunninsa da hitarsa, saboda ranar sayarwa mai saye na iya cewa a mayar masa da yadda kamfani ya ƙera.